Gonar Kawu Gado a Idon Tauraro

Ina da wani ɗan aibi da matata ta gaji da yi mini wa'azi a kansa: bakina bai iya cewa "ban sani ba". Ko hanyar Makka aka tambaye ni, sai na ɗaga hannu na nuna.

A bazarar da ta biyo bayan farin tamanin da huɗu, ina aikin tafinta a wani buro, wato ofishin gwamnati, a garin Agye. Wani saurayi mai ilimin awon ƙasa, Mushe Idrisa (Mushe kamar Malam ne a Faransanci), ya zo daga Yamai, an aiko shi ya auna yadda garuruwa ke cin daji. Ya warware manyan takardun hoto biyu a kan tebur, ya danne gefensu da kofunan shayi.

"Malam Inusa, zo ka ga ƙasarku."

Na leƙa. Daga Gidan Rumji har Gazawa, tafiyar da ke karya jaki, ga ta kwance tsakanin kofi da kofi. Gulbin Kaba ya yi kamar jijiyar bayan hannun tsohuwa, kwalta kuma zare baƙi. Ya ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauka, daga can inda ko mikiya ba ta taɓa kaiwa ba, kuma duk abin da yake kore a ƙasa ja yake fitowa a hoton. Na farkon, na shekaru goma da suka wuce, kamar an barbaɗa masa garin barkono. Na biyun toka ne. Shekara guda muka yi muna binne yara, muna jan mushen shanu bayan gari, amma sai ranar na ga girman abin da ya same mu gaba ɗayansa. Na yi tasbihi, na cire hula, har yau ban san wa na cire wa ba.

Mushe Idrisa ya ɗora yatsa. "Ga Cadawa a da, ga ta yanzu. Dubi yadda ta kumbura ta gabas. Inda gari ya kai, za a yanka filaye, a kafa turakun siminti."

Kumburin nan na san shi. Gonar kawuna Gado ce, ita kaɗai ta rage masa.

Tun zamanin kakanni, da rani makiyayan arewa kan sauka a gonar, shanu su zuba taki, mai gona ya ba da dami. A farin nan Attahiru, wanda gidansu ke sauka wurin Kawu, ya iso da igiyar ɗaure maruƙa a kafaɗa, babu ko maraƙi guda. Bayansa gidaje sun fi hamsin. Kawu ya ce su sauka, suka kafa bukkokin kara da tabarmi.

"Mushe, wannan ba gari ba ne, baƙi ne."

"Na yarda da kai," in ji shi a hankali. "Amma hoto bai san baƙo ba. Rufi ya gani, da ƙasar da ƙafa ta tattake. Ni awo nake kaiwa, manya ke yanke magana."

"Yana dawowa, tauraron?"

"Duk kwana goma sha shida, da hantsi. Laraba mai zuwa ma zai bi ta kanku."

Na hau motar kasuwa na kai labari Cadawa. Na tarar da Kawu gindin gawo tare da Attahiru, matar Kawu, Inna Furera, na tankaɗen dusa a gefe. Kawu ya saurare ni har ƙarshe, ya daɗe yana duban sama.

"Kai Inusa, in ya dawo ya iske gona, yana sake magana?"

Da mutumin kirki ne, da ya ce a bari ya tambayo. Ni kuwa na gyara zama.

"Ƙwarai, Kawu. Ai abin da ya gani na ƙarshe shi ne shaida."

Attahiru ya sunkuyar da kai. "Baba Gado, mu munka jawo maka. Bari mu yi kudu."

"Shekara nawa shanunka na ciyar da gonar ga? Yau don babu su sai in kore ka, saboda tauraron da ko sallama bai yi mini ba? Ku dai ɗage bukkoki zuwa iyaka. Ranar Laraba mu yi binne, mu zuba iri tun kafin ruwa, ya zo ya iske mutane na shuka."

Inna Furera ta ajiye rariya. Irin gero guda ya rage a gidan, cikin tulun da ta liƙe bakinsa da laka. Ta dubi Kawu.

"Malam, jikoki sun kwana da yunwa ban fasa tulun ga ba. Za ka zuba shi a busasshiyar ƙasa, sama kamar gindin ƙwarya? In anka yi yayyafi ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, mi za mu shuka?"

"In anka kafa siminti, ina za mu shuka shi?" in ji Kawu.

Ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, ka tabbata?"

Na tabbatar mata.

Ranar Laraba na sa babbar rigata ta Sallah, na ari agogo, na tsaya tsakiyar gona, tunda ni ne masanin tauraro. Abin da na gani ba zan manta ba. Bukkoki suka tashi suna tafiya da ƙafafun mutane, ɗaya bayan ɗaya, har gonar ta buɗe. Maza suka yi sahu da sungumi, mata na biye suna jefa iri, suna rufewa da diddige. Makiyayan da ba su taɓa riƙe sungumi ba suna sara a karkace, 'yan Cadawa na yi musu tsiya.

"Attahiru, wannan layi ne ko sawun maciji?"

"Ku bar shi haka, mai kallo daga sama ba ya ganin karkata!"

Mutanen da haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, suna dariya. Yara na jan rigata suna tambaya ko ya iso. Na ce su yi haƙuri, yana bisa Gidan Sori.

Muna ta ɗaga kai, shi ya sa muka riga kowa ganin gabas ta yi baƙi. Iska ta taso mai sanyi, ɗauke da ƙamshin da muka kusa mantawa. Sungumi ya tsaya. Ɗigon farko ya faɗi a kan gilashin agogon aro, sannan sama ta tsage. Ba wanda ya nemi mafaka. Inna Furera ta durƙusa cikin taɓo, ta tara tulun da babu komai a ciki. Attahiru ya buɗe baki yana sha yana kuka. Kawu ya kama hannuna da ƙarfi.

"Ya gan mu?"

"Ya gan mu, Kawu."

Ruwa bai ɗauke ba a damanar nan. Takin shekaru ya tashi aiki. Lokacin da motar masu turaku ta iso, gero ya kai ƙirjin mutum, kore shar har iyaka. Babbansu ya sauko, ya zagaya, ya shafa ganye da bayan hannu. Bayan irin yunwar da aka sha, babu mai zuciyar da zai karya kara guda don siminti. Suka juya da turakunsu, aka yanka filayen a wani fako ta yamma.

Da kaka Kawu ya raba dami da baƙinsa, ya aiko mini da biyu. A Cadawa aka fara ce mini Mai Tauraro. Ban hana kowa ba, har na ɗan sake salon tafiyata.

Da sanyi ya shigo, Mushe Idrisa ya dawo Agye. Na roƙe shi hoton Larabar nan, ina so in nuna wa Kawu layukanmu, in da hali har da rigata. Ya bincika cikin takardunsa, ya zaro guda daga ƙasa, ya shimfiɗa mini.

Fari ne fat, gefe zuwa gefe.

"Girgije ne," in ji shi. "Ranar ba a ga komai ba, shi ya sa ba mu yi aiki da shi ba."