Numfashin Sabuwa a Gwangwanin Madara

Ƙanena Iro irin mutanen nan ne da in aka ce musu kare ya ɗauke kunnensu, sai sun bi karen da gudu kafin su shafa. Matarsa Sabuwa kuwa duk Garhanga an san bakinta, in tana faɗa a tsakar gida har masu ɗiban ruwa a rijiya suna jin rabonsu.

A shekarun da matanmu ke jidar duwatsu a aikin proje na gyaran ƙasa, naƙuda ta zo mata da gardama. Aka ɗauke ta a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa asibitin mishan, can wajen Madawa. Aka yi mata aiki, ita ta tsira, yaron bai zo da rai ba. Iro da wasu maza suka kai shi makwancinsa can kusa da asibitin tun ba ta farfaɗo ba. Ta dawo gida ciwo ya warke, amma bakin nan ya mutu. Daga "to" sai "a'a". Iro ya zubar da fura da gangan a gabanta don ta zage shi, ta ɗauko tsumma ta goge. Ranar na ga tsoro a idon ƙanena, ni ma kuma na tsorata.

Kowace mace a unguwa ta san abin da ke damun Sabuwa. Iro kaɗai ya gano wani abu daban. Ya tuna an kifa mata wata roba a hanci lokacin aikin, da tiyo da ya shige cikin na'ura. Mu kuwa jikokin Azna ne, masu bin tsafin gargajiya. Muna salla, amma har yau ba ma barin gashi ko farce ko cibiya a hannun baƙo.

"Yaya Husna, numhwashinta munka baro can," in ji shi.

"Hankalinka dai kab baro can," na ce masa.

Bai saurare ni ba. Ranar kasuwa ya hau kamiyo. Abin da ya faru a asibitin daga bakinsa na ji, kuma Iro bai iya ƙarya ba, wautarsa ta ishe shi.

Ya sami Shadrak, majo, wato malamin asibitin da ke sa mutane barci kafin aiki, ya gaishe shi, ya ce ya zo karɓar numfashin iyalinsa. Da Shadrak ya yi dariya ya sallame shi, da an huta. Amma shi mutum ne mai son bayani. Ya ɗauko wata kwalba cike da farar tsakuwa, ƴar'uwar farar ƙasar da ake shafa wa bango, ya ce iskar da mutum ke fitarwa tana da wata gurɓatacciya mai tsami a ciki, wannan tsakuwar ce ke kama ta, don mara lafiya ya sake shaƙar mai kyau. Ya ba Iro tiyo ya ce ya yi ta hurawa. Can sai kwalbar ta yi ɗumi, raɓa ta kwanta a jikinta, tsakuwar ta fara komawa shunayya.

"Majo, zazzaɓi ta kai! Ga zuhwa ma!"

"Ba zazzaɓi ba ne, Malam. In sunka gamu da iskag ga, sai su kama juna su zama dutse, su saki zahi da ruwa. Da kansu suka yi, babu mai tura su, awa ruwa in zai gangara gulbin Maggiya."

"To, yaya aka hiddo ta?"

"Ruwan da yag gangara, maido shi tudu sai da jakki. Zahin da tas saki sai an maida mata shi, da wuta wadda ka sa ƙarhe ya yi ja."

Iro bai ji komai a duk bayanin nan ba sai abu biyu: numfashin yana nan, kuma wuta na fito da shi. Ya zauna a ƙofa ya ce ba inda za shi. Shadrak ya nuna masa durom ɗin da ake zuba tsohuwar tsakuwa, ya ce ta kowa da kowa ce, akwai numfashin Buzaye, da na wani jandarma, da na fastonsu. Iro ya auna abin, ya ce ko da Tamajak, yaren Buzaye, ta tashi ya yarda, zai koya. Don ya rabu da shi, Shadrak ya cika masa gwangwanin madara, ya ja masa kunne kada kowa ya kai ta baki.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Da safe maƙerar Maiguwa ta cika maƙil. Maiguwa maƙeri ya juye tsakuwar a kasko ya tura cikin gawayi, yana cewa tun kakanninsa ba a taɓa kawo musu aiki marar nauyi irin wannan ba. Tsoho Bala, wanda aka yi wa aikin gwaiwa a asibitin bara, ya zo da tabarmarsa ya ce shi ma yana da kaso a ciki, tun da ya dawo tudun masallaci ke gagararsa. Ya zauna kusa da wuta ya wangale baki. Liman ya aiko a tambaya, in numfashin fasto ya shigi mutum, ya alwalarsa take. 

Ni aka aika na taho da Sabuwa. Ta biyo ni ba musu, abin da ya fi komai ci mini rai. Iro ya zaunar da ita, ya lulluɓa mata zane kamar mai sirace, ya karɓi zugazugi da hannunsa. Ya yi ta zuga har kaskon ya yi ja, zufa na zuba daga gemunsa. Babu abin da ya fito da ido zai gani. Bala dai ya rantse ya ji nasa ya shiga, ya miƙe ya sara wa jama'a, aka ce wannan na jandarma ne ya samu.

Ana cikin dariya Sabuwa ta yaye zanen. Hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, ta yi tari, ta dubi mijinta.

"Malam, aje zugazugin ga."

 Iro ya saki, bakinsa har kunne, yana duban mutane a shaida masa.

"Ka tahi hal asibiti ka ɗauko tsakuwa," ta ce, muryarta a dushe. "Ni ɗana, ban ga huskatai ba. Ban san wa yab biyo ba. Kai ka gane shi, kai kas sa shi ƙasa, kuma tun randa munka komo ba ka ce mani komi ba. Kullum jira nikai ka hwaɗa mani."

Bala ya naɗe tabarmarsa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, Maiguwa ya shiga gyaran wata hauya da ba abin da ya same ta. Iro ya durƙusa a cikin toka. Ni kuma ina tsaye hawaye na zubo mini, ina ji kamar in make shi.

"Goshinki garai," ya ce da ƙyar. "Da gashi mai yawa. Ƙalƙashin wata bagaruwa munka sa shi, na aza dutse don in gane wurin."

"Kai ni."

Ranar kasuwa ni na riƙe musu awaki. Su biyu suka hau kamiyo.