Gudu Ashirin

Direban motar Katsina ya sake danna ham a ƙofar gida, amma Sabiru ko gezau. Yana tsugune a gindin turmi, ya ƙanƙame gwiwoyinsa, leɓensa ya bushe har ya tsage. Tun da asuba Inna Kulu ta ɗaure masa kayansa a leda, ta yi ta lallashi har muryarta ta dushe. Likitan masu shaye-shaye ya ce yau zai karɓe shi, in aka wuce yau gadon asibitin ya zama na wani.

"Ba inda za ni," in ji Sabiru. "Ni lafiyata lau."

Jafaru ya dubi ƙanen nasa, zuciyarsa ta karye. Ya shiga ɗaki ya ɗauko tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, ya kakkaɓe ta da gefen riga.

* * *

A shekarun da shari'a ta kankama aka rufe gidajen giya, Jafaru na da ɗan shagon buga takardu kusa da tashar Zango. A nan wani abokinsa ya saka masa wasan ƙwallo a kwamfuta, irin wanda ba kai ke bugawa ba, kai ne koci. Kowane ɗan wasa da makinsa, daga ɗaya zuwa ashirin: gudu, ƙarfi, yanka, natsuwa, hangen abokin wasa. Can a ɓoye kuma akwai jimilla guda, wadda ke nuna iyakar ƙwarewarsa. Jafaru ya tsunduma, har ta kai ya fi sanin tsawon masu tsaron bayan ƙungiyoyin Turai bisa sunayen 'ya'yan maƙwabta.

A lokacin Sabiru ne lamba bakwai na ƙungiyar unguwa. Kai, Daura ta ga yaro! Da la'asar sakaliya mahauta kan bar tukuba, 'yan acaɓa su jingine babura, a yi dafifi a filin firamare don a ga yadda zai zaunar da mai tsaron baya a ƙasa. Ba wani gudun a zo a gani gare shi ba. Abin da Allah Ya ba shi shi ne natsuwa: ya taka ƙwallo, ya ɗaga kai kamar mai duban hadari, sannan ya ajiye wa mutum ita a ƙafa. In an tashi, su biyun su dawo gida a kan keke ɗaya, Inna ta dama musu fura tana faɗan takalman da suka shigo mata da su ɗaki.

Don sha'awa Jafaru ya ƙirƙiri Sabiru a cikin wasan. Ya ba shi natsuwa sha takwas, hange sha bakwai, gudu sha biyu.

"Yaya, me ya sa jimillata ba ta kai ta wancan Baturen ba?"

"Ai kai ɗan gefe ne. A gurbinka gudu ne mai tsada. Maki ɗaya na gudu ya fi uku na natsuwa nauyi."

"To ƙara min."

Jafaru ya ja gudun zuwa ashirin. Da aka fara kakar wasa a kwamfutar sai wasan ya zaftare natsuwar, ya rage hangen, don jimillar ba ta ƙaru ba, kuma abin da aka ƙara a nan dole a cire shi a can. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya, Sabiru na cewa kwamfuta ta yi masa rowa.

Ba a jima ba aka ce masu zaɓen 'yan wasa za su zo daga birni, kuma su mai gudu suke so. Kocin unguwa kuwa yana da al'adarsa ranar babban wasa: jarkar zoɓo mai sanyi, wadda aka narka ƙwayoyi a ciki, kowa kofi ɗaya "don kada a gaji". Manya sun sani. Tunda ba giya ba ce, ba ta wari, ba wanda ya ɗaga murya. Sabiru ya sha kofi biyu.

Ranar ya yi gudun da ba a taɓa gani ba, har ya riƙa wuce ƙwallon. Masu zaɓe suka ɗauki wani. Shi kuwa zoɓon ya riga ya zaɓe shi. Daga kofi aka koma ƙwaya zalla, daga nan sai kwalaben maganin tari a bayan makabarta.

* * *

Jafaru ya tsuguna kusa da shi ya buɗe kwamfutar. Tun daga waccan shekara bai matsar da wasan gaba ba, don kada yaron da ke ciki ya tsufa.

Idon Sabiru ya sauka a kan sunansa. A hankali ya matso, har Jafaru ya ji ƙasusuwan kafaɗarsa.

"Yana nan ashe."

"Yana nan. Ban taɓa sayar da shi ba."

Sabiru ya bi lambobin da yatsa. "Natsuwa shida. Yaya, rage min gudun nan. Mai do min da abina."

Jafaru ya danna. Gudu ya sauko sha biyu, natsuwa ta koma sha takwas. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

"Ka gani? Haka likitan zai yi maka, sai dai nasa a hankali ne. Tashi mu je, ƙanena. Ni zan zauna da kai."

Sabiru ya yi murmushi, irin nasa na dā, har Inna ta toshe baki da mayafi. Ya miƙe. Ya karɓi ledar kayansa, ya bi Jafaru ta zaure. Direba ya zagayo ya buɗe ƙofar baya.

A bakin motar ya tsaya. Ya leƙa ciki, ya waiwayi kwamfutar da ke hammatar yayansa.

"Shi ka gyara," ya ce a hankali. "Shi da ba ya jin ciwo."

Ya saki ledar, ya zuba a guje.

"Sabiru! Jama'a, ku tare min shi!" Inna ta fito ba takalmi.

Samari suka rufa masa baya, har da mai babur. Amma a lungunan Daura wa zai kamo Sabiru? Kafin Jafaru ya kai bakin kwalbati, ko rigarsa ba a hangowa.

Direba ya jira iya jiransa, ya ba da haƙuri, ya ja motarsa. Inna ta durƙusa tana tsince kayan da suka zube, tana kaɗe kowace riga kafin ta ninke. Jafaru ya zauna a dakalin ƙofar gida ya buɗe kwamfutar. Lamba bakwai na nan yadda ya bar shi, shekara sha tara, natsuwa sha takwas. Ya zuba masa ido har cajin ya ƙare.