Jan Biron Baba Oyewusi

"Barci yake," in ji Iya Dupe, ta tsaya ta cike bakin ƙofar mijinta, Baba Oyewusi. "Ga takardarki, ya duba."

Arinola ta miƙe daga durƙuson gaisuwa ta karɓa. Wata uku ke nan kullum da yamma tana kai wa maƙwabcinta Baba Oyewusi, tsohon malamin lissafi, aikin da ta yi, da safe ta karɓo shi jina-jina da jan biro. Yau ce jarrabawar. Sau uku lissafi yana kayar da ita, makarantar koyon jinya kuwa ba ta ɗaukar wanda ya haura talatin da biyar, ita ko a Disamba za ta haura. In ta faɗi bana, shi ke nan.

"Mama, bari in leƙa ya sa mini albarka kawai."

"Na ce barci yake. Ko ke ce likitarsa? Ba a ɗinka miki farin kaya ba tukuna, har kin fara zagayen marasa lafiya."

Matan gidan suka yi dariyar yaƙe. Gidan haya ne a Ogbomosho, ɗaki takwas suna kallon juna, wanda kullum da safe ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya. Yau ba daka, ba shara, rediyon Baba ma shiru. Ga takalman fasto a bakin ƙofa, alhali ranar Alhamis ce.

Ta koma ɗakinta ta warware takardar. Tambaya goma, alamar daidai goma. Abin ya ɗaure mata kai, don Baba ko ɗan cikinsa bai taɓa ba goma ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta huɗu: a nemo lamba mafi girma da za ta raba arba'in da takwas da saba'in da biyu ba saura. Sha biyu ta rubuta. Ta sake rabawa a gefe, sai ga ashirin da huɗu ta shige su duka biyun tsaf. Tsohuwar cutarta ce, da ta sami wadda ta raba sai ta tsaya. A kan wannan Baba yakan buga sanda a ƙasa ya ce, "Uwar gaggawa, sha biyu ta raba, wa ya musa? Amma ita aka aike ki nema?"

Ta kai takardar bakin taga. Alamomin a karkace suke, an danna biron har ya huda takarda. Wannan hannun Iya Dupe ne, mai kasa tattasai a kasuwa, bai san alli ba.

Ta zauna a bakin gado. Ashe Baba ya cika, gida guda ne ya haɗiye kuka tun asuba saboda ita. Ta sani in ta bari hawaye ɗaya ya sauko, ba ita ba ɗakin jarrabawa. Ta wanke fuska, ta ɗauki fensir da katin jarrabawarta, ta fito.

"Mama, in ya tashi ki ce masa na gode. Na ga duk ya ba ni."

Iya Dupe ta kalle ta. "Ya ce kin iya. Ya ce ki karanta kowace tambaya sau biyu." Ta tura mata ƙosai a ganye. "Maza tafi, kada su rufe ƙofa."

Arinola ta fita, ba wadda ta yarda suka haɗa ido. Ta wuce rijiya, ta wuce shagon mai aski. Tana shan kwana inda masu babur ke tsayawa, kukan ya ɓarke a bayanta, muryar Iya Dupe a sama da ta kowa.

Mai babur ya waiga. "Anti, ba gidanku ba ne?"

"Sakandaren bayan kasuwa za ka kai ni," ta ce.

Ta hau ta gyara zama, ta riƙe ganyen ƙosan da hannu biyu a kan cinyarta. Da sauran ɗuminsa.