Sabis a Gidan Malam Ila

"Ni fa ban ga kasuwa a nan ba," in ji Hajiya Safara'u, tana tattare bakin mayafinta kada ya taɓa ruwan kwata.

Kabir ya yi murmushin dole. Tun safe yake zagayawa da ita lungunan Unguwar Shanu, yana nuna mata inda zai bi da kebul, da rufin shagonsa inda zai kafa na'urar da za ta raba wa gidaje intanet mai ƙarfi. Saboda wannan abu ya ajiye aikinsa a kamfanin waya. Duk wanda ya tunkara da batun jari ya zille, saura ita kaɗai, aminiyar marigayiyar mahaifiyarsa, wadda ta yi ritaya daga aikin gwamnati take neman inda za ta zuba jari. In ta ce a'a, shi ke nan, sai ya rufe shago ya koma yawon neman aiki.

Hajiya kuwa ba a yi mata daɗin baki.

"Manyan kamfanoni ma kuka suke yi," ta ce. "Kowa ya riga ya mallaki waya, me ya rage? Mutumin da ke yi maka filashin don ka kira shi, shi ne zai ɗauki intanet na wata?"

"Ranki ya daɗe, wallahi akwai buƙata."

"To, mu ji daga bakinsu."

Suka tsaya a majalisar da ke ƙofar gidan Malam Ila, wani tsohon direban tirela. Bayan doguwar gaisuwa, Hajiya ta jefa tambayarta.

"Intanet?" Malam Ila ya sosa gemu. "Ni dai in na kira Gusau aka ji muryata, alhamdu lillahi."

"Abin yaran nan ne masu kallon rawa," wani ya ƙara. Na gefensa ya tambaya ko kyauta za a riƙa bayarwa, aka kwashe da dariya.

Kunya ta kama Kabir, haushi ya biyo baya. Su fa mutanen nan ne, da ya zo musu da bayani kwanaki, suka yi ta ce masa, "Allah ya sa albarka, Allah ya taimaka." Shi kuma, wawa, ya ɗauka sun amsa ke nan. Ashe addu'a ce kawai irin wadda ake yi wa kowa.

Ana haka aka kira azahar. Hajiya ta nemi izinin shiga cikin gida ta yi salla, Malam Ila ya leƙa zaure ya ƙwala wa matarsa kira: "Dije! Ga baƙuwa nan!"

Kabir ya bi maza masallaci, ya dawo ya zauna a dakali. Shiru Hajiya ba ta fito ba. Ya fara tsara yadda zai gaya wa matarsa Samira cewa abin bai yiwu ba. Daga cikin gida kuwa sai shewar mata yake jiyowa.

Can sai ga ta, tana ƙamshin turaren wuta, da leda a hannu.

"Kabir, da ka yi bincikenka, wa ka tambaya?"

"Masu gida, Hajiya."

"Masu gida! Ka taɓa shiga gidan nan?"

"Haba Hajiya, gidan matan aure?"

"Shi ya sa." Ta ɗaga ledar. "Dije ce ke haɗa wannan turaren wuta, har Legas da Fatakwal take aikawa, duk ta waya. Na tarar da matan maƙwabta cike da tsakar gida, mai ɗinki, mai dubulan na biki, kowacce da hoton kayanta da ya ƙi tafiya. Jiya ma wata ta rasa ciniki, bidiyon leshi ya yi ta juyawa har mai saye ta gaji. Da na faɗi abin da ya kawo mu, saura kaɗan su cire min mayafi."

Malam Ila ya saki baki. "Au, wai danne-dannen nan da suke wuni yi?"

Hajiya ta dubi Kabir, wanda ya miƙe tsaye bai ma sani ba.

"Zan shigo, amma kada ka yi min rawar kai. Da layin nan za mu fara, in ya yi kyau mu ƙara gaba. Kuma da sharaɗi: ba zai yiwu duk ranar da waya ta tsinke a ce sai maigida ya dawo kafin a yi maka iso ba. Ka nemo mace ka koya mata aikin."

Murna ta cika shi, amma sai ya yi turus. "Hajiya, aikin hawa ne fa. Ina zan samo macen da za ta hau tsani?"

"Lubna, 'yar Malam Ila," in ji Hajiya, tana gyara mayafi. "Yanzu na baro ta a saman tsani, ta ɗaga waya sama tana neman sabis. Tun da na shiga ba ta sauko ba."