Albasar da Gwaggo Ta Bari a Tsohon Gida

Ranar da motar kwasar kaya ta zo, albasar Gwaggo ba ta isa cira ba. Ɗanta ne ya matsa ta koma wurinsa saboda ciwon gwiwa, mai gidan hayar kuma ya riga ya ba wani kafinta ɗakunan. Aka loda gado da kabad da keken ɗinki, amma fangalin albasar da ke bayan kicin ba abin lodawa ba ne. Ganyen yana tsaye kore shar, kawunan sun fara leƙowa daga ƙasa.

Kafintan ya zo duba ƙofofi, Gwaggo ta ja shi bayan gida ta nuna masa.

"Ɗana, ka bar mini wannan ta ƙarasa. In ta nuna zan zo in cire, mu raba."

"Ba komai, Gwaggo. Zan kula da ita kamar tawa."

Tana shirin ƙara bayani direba ya danna hon. Haka ta tafi ba ta gaya masa cewa albasa in ta kusa nuna janye mata ruwa ake yi ba.

Gidan ɗan nata a saman bene yake. Matakalar ta tayar mata da gwiwa, ta yi makonni ba ta sauko ba. Da ta ji dama-dama, ta ɗauki sandarta da buhunan raga, ta sa ya sauke ta a tsohon gidan kan hanyarsa ta zuwa aiki.

Ta tarar da kafinta tsaye a bakin fangali da tiyo a hannu, ƙasar ta zama taɓo.

"Kin ga amanarki," in ji shi, yana murmushi. "Safe da yamma nake ba ta, ban taɓa tsallakewa ba."

Gwaggo ta jingina sanda, ta sunkuya da ƙyar ta matsa wuyan guda ɗaya. Kauri gare shi, cike da ruwa. Ta zaro wata a can ƙarshe inda ruwa ke kwanciya, gindin ya yi luguf, wari ya taso.

"Kai, wannan ai ka shayar da ita kamar saniyar tatsa."

Kafinta ya kashe famfo, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Na ɓata ke nan?"

"Ba duka ba. Kawo fartanya, yau za ta fita daga cikin ruwan nan."

Shi ya riƙa sassauta ƙasar daga gefe, ita tana zaune kan kujerar da matarsa ta kawo mata, tana karɓa tana share taɓon da yatsa. Matar ta ɗauko baho za ta wanke, Gwaggo ta ce ta mayar, ruwan da albasar ta sha ya ishe ta. Ta kuma hana su jefa ta kan juna, don wadda ta bugu ita ke fara ruɓewa a ajiya.

Saura wurin shanya. Rana mai zafi dafa ta za ta yi, ɗaki a rufe kuma ya sa ta gumi. Kafinta ya shiga rumfar aikinsa, ya haɗa guntayen katako da ragar taga da ta rage masa, kafin azahar ya ƙera gado mai ƙafafu wanda iska ke bi ta sama da ƙasa. Suka jera albasar a kai da ganyenta, ba wadda ta taɓa 'yar'uwarta.

Daga nan Gwaggo ta riƙa zuwa jefi-jefi tana juya ta. Kullum sai ta tsinci wadda ta yi laushi ta fitar. Kafinta yana goge katako a gefe, yana satar kallon tarin da ake zubarwa. Masu kaurin wuya ta ware su daban, ta ce da matar, "Waɗannan ba sa jira. Ki fara da su a girki, ki ba maƙwabta."

A hankali ganyen ya bushe, ɓawon ya riƙa ƙara kamar takarda in an taɓa. Gwaggo ta murza wuyan ɗaya ta ji ya bushe ƙamas. Ta sa almakashin ɗinkinta ta datse ganyen, tana barin kamar tsawon gaɓar yatsa, ta aske saiwoyin. Abin da ya tsira ya ɗan haura rabi. Kafinta ya ce shi bai cancanci kaso ba, ta ce kada ya ɓata mata lokaci, ta cika masa buhu ta nuna masa ƙusar da zai rataye shi a inuwa, nesa da dankali.

Nata kason ta rataye a barandar bene. Surukarta ta yi ƙorafin wari da farko, daga baya ta daina aike kasuwa sayen albasa.

Bayan wasu watanni matar kafinta ta bugo waya, ta ce wata babba a cikin buhu ta yi tsiro, ko ta jefar?

"Kar ki jefar. Ki binne ta a gindin katanga inda rana ke samu. Za ta yi kara ta yi fure, in furen ya bushe ki karkaɗe shi a faranti. Baƙaƙen 'ya'yan nan su ne irin."

"To Gwaggo, bari in ɗauko fartanya," in ji matar.