Ƙuri'ar Tiyon Birki

Da akwai mai ƙaunar likitar a bakin titin nan, da ya ce mata ta wuce gareji na gaba. Amma birkinta ya yi laushi daidai nan, ta karya kan mota ta shigo, ta tsaya a gaban mutumin da ya daɗe yana kwana yana tashi da fuskarta a ransa.

Ba ta gane shi ba. A ɗakin yara masu sankarar jini babu uban da ke shiga sai da takunkumi, don haka idanunsa kawai ta sani. Shi kuwa bakaniken ya haddace hoton da ke maƙale a ƙirjin farar rigarta.

'Yarsa, wadda suke kira Tsuntsuwa saboda ƙarancin cinta, tana cikin yaran da aka sa a gwajin magani. An raba su gida biyu, wasu a ba su sabo, wasu tsohon da aka saba. Likitar ta ce kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a. Tsuntsuwa ta faɗa gidan tsoho. Yaron gadon da ke kusa da nata, wanda direba ke kawo ubansa, ya sami sabo, har ya fara guje-guje a baranda. Ita kuwa gashinta ya zube, ya tsiro, sannan aka ce cutar ta dawo cikin ɓargo. Bakaniken bai yi zurfi a boko ba, amma ya san abu ɗaya: kwamfuta ba ta san mai direba ba, mai danna ta ce ta san shi.

"Malam, birkin ne ke shigewa har ƙasa," in ji likitar. "A taimaka, ana jira na a asibiti."

"Kowa ma jira yake."

Tsoho mai faci ya turo mata benci. "Zauna, baiwar Allah. Hannunsa na da kyau, fuskar ce dai na rasa facin da zai kama ta."

Bakaniken ya ɗaga motar da jak, ya shige ƙarƙashi. Tiyon man birki ne ya tsage. Ya kwanta yana kallon notin da ke ɗaure tiyon. In ya bar shi bai gama kamawa ba, man zai riƙa ɗiga a hankali, sai ta kai gangaren gada ta taka ta ji wayam. Babu mai tambaya. Ramin mugunta, in ji mutane, a gina shi gajere, amma shi ya ga nasa ko tebur ɗin da aka kwantar da Tsuntsuwa aka soka mata allura a ƙugu bai kai tsawo ba.

Duk da haka yana son ta ɗanɗana da idonta biyu. Ya fito, ya ɗauko tiyo biyu ya ajiye a kan bonet.

"Wannan tsohon samfuri ne, an san shi. Wannan sabo ne, ana gwada shi. Ba ke za ki zaɓa ba. Ƙuri'a za mu jefa."

Mai faci ya yi dariya. "Yau kuma caca muka koma?"

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta gyara tabarau, ta dubi idanunsa.

"Baban Tsuntsuwa."

"Ashe ana gane mu."

"Ka san wanda ya fi kyau a cikinsu?"

"Na sani."

"To in ka jefa ƙuri'a ka zalunce ni. Ni ban sani ba. Wallahi da na sani, da duk yaran ɗakin shi zan ba su, a rufe gwajin kowa ya huta."

"Ɗan mai direba yana gudu a baranda, tawa ko kofi ba ta iya riƙewa."

"Yaushe rabon da ka gan shi a baranda?"

Gadon yaron a gyare yake tun makon jiya. Ya ɗauka an sallame su ne, har ya tofar da yawu a wurin da suka saba ajiye mota.

"Ba zan gaya maka halin ɗan wani ba," ta ce. "Amma akwai yaran da hantarsu ta kasa ɗaukar sabon, akwai waɗanda ya yi wa rana. Sai shekaru sun wuce za a san inda aka fi tsira."

Wani abu mai kama da daɗi ya tsarga masa, bai kuwa kore shi da wuri ba.

"Gobe da safe ni zan ɗebi ɓargon Tsuntsuwa," ta ƙara. "In na isa."

Ya ɗauki tiyon tsohon samfurin, wanda ya san ya fi kyau, ya koma ƙarƙashi. Sifana ta kama notin. Ya daɗe a kwance, mai faci na ganin ƙafafunsa kawai. Sannan aka ji ƙarar ƙarfe, yana ɗaurewa da duk ƙarfin da ya tanada don wani abu daban. Ya zuba mai, ya sa ta taka har birkin ya yi tauri.

"Ban yafe ba, Likita."

"Ban roƙa ba. Ka zo da takunkuminka, tana neman hannunka idan za a soka."

Motar ta fita ta nufi gangaren gada. Ya bi ta da ido har jar fitilar baya ta kama, ta saki.

"Wai me ta yi maka?" in ji mai faci.

Shi kansa bakaniken yanzu bai tabbata ba. Bai san inda aka kai yaron can ba. Bai san abin da ɓargon zai nuna gobe ba. Kuma har yau babu wanda ya san ko ƙuri'ar ta cuci Tsuntsuwa ne, ko ta cece ta.