Ƙashin Hannun Hagu

Shekara bakwai ke nan da aka sa Seikichi a kogon kabari, yau kuwa ranar wanke ƙasusuwansa ce. Haka ake yi a tsibirin nan: mamaci ba ya shiga cikin kakanninsa sai matan gida sun wanke shi ƙashi bayan ƙashi, sun jera shi a tulu. Matarsa Makato ta tashi da damuwa, ba kuwa don tsoron gawa ba. Ta wanke kakarta, ta wanke baban mijinta, ba ta taɓa ja da baya ba. Abin da ke cinta daban ne. Ita ce ta ce gawar ta mijinta ce.

Guguwa ce ta kife masa kwale-kwale, aka yi kwana goma sha tara ana bin gaɓa ana kiran sunansa. Can sai ruwa ya turo wani mutum kan duwatsu, ya kumbura sumtum, kifi da ƙaguwa sun gama da fuskar. Aka kira Makato. Ta duba, ta waiwaya ta ga surukarta, tsohuwa Kamado, wadda tun ranar ko dankali ɗaya bai wuce maƙogwaronta ba, sai Makato ta ce, "Shi ne." Ba ta sani ba fa. Tsawon dai ya yi daidai, shi ke nan.

To amma ƙashi ba ya kumbura. Seikichi ya faɗo daga bishiya yana yaro, ya karye a damtsen hagu, uwarsa ta ɗora shi da kanta, wurin ya warke da wani ƙululu kamar gaɓar rake. In yau babu ƙululun nan, baƙo ne. Baƙo kuwa ba ya kwana cikin kakannin wasu, gefen teku ake mayar da shi. Kuma duk gari zai san shekara bakwai suna kai wa bare shinkafa da turare, ɗan gida yana can ƙarƙashin ruwa ba mai kula shi.

Ƙanen tsohuwar, mai suna Jira, shi ya tuƙa su zuwa ƙaramin tsibirin da kaburbura suke. Ruwan ya kwanta lumui, garau har kana ƙirga kifi a ƙasa. Kyan nan ma haushi ya ba Makato.

"Yaya, zauna sosai mana," in ji Jira. "Kin makance amma rigima na nan. In kin faɗa ba ni zan tsamo ki ba."

"Tuƙa ka rufe mana baki, tsohon banza," in ji Kamado. "Ku dai ku ji: in na mutu, tuluna ya jingina da na ɗana. Ba na son na ubansa, ya ishe ni da munshari tun a duniya."

Jira ya ƙyalƙyale da dariya. Makato ta yi yaƙe kawai, tana rungume da tulun giyar shinkafa.

Suka sauka, suka kutsa cikin ƙayoyi har bakin kogon. Jira ya janye duwatsun ƙofa, ya jawo akwatin katakon da ya riga ya ruɓe, ya buɗe laima ya kafa don kada rana ta taɓa mamaci. Daga nan ya koma gefe ya juya baya, aikin maza ya ƙare.

Makato ta durƙusa. Daga ƙafa ake farawa. Ta ɗauki ƙashi, ta wanke da ruwan teku, ta goge da giya, ta miƙa wa tsohuwa, ita kuma ta lalubi tulu ta jera. Tsohuwar tana yi tana hira da shi kamar ya dawo daga kamun kifi. "Sannu, ɗan nan. Ka ji sanyi ko? Yi haƙuri, yanzu za a gama."

Ƙauri, cinya, ƙugu, haƙarƙari. Makato ta yi ta jan lokaci, ta wanke hannun dama har sau biyu. Ƙarshe dai ba abin da ya rage sai na hagu. Ta ɗauko, ta bi shi da babban yatsa daga sama har ƙasa.

Sumul. Ko tabo babu.

Wayyo, Seikichi! Ashe yana can ƙarƙashin ruwa. Ashe duk shekarun nan da take zama bakin kogon nan tana ba shi labarin rake da aladu, wani take gaya wa. Ta yi niyyar zura ƙashin cikin tulu da kanta, a ɓoye, tunda tsohuwa ba ta gani.

"Miƙo," in ji Kamado, hannunta a buɗe.

"Inna, kin gaji. Bari in ƙarasa."

"Ke, ni na haife shi. Miƙo nan."

Ta miƙa. Yatsun tsohuwar suka bi ƙashin a hankali, suka tsaya daidai inda ya kamata ƙululun ya kasance. Suka koma sama, suka sake dawowa. Suka juya shi. Makato ta sunkuyar da kai tana jiran ihu, tana jiran a kira Jira, a kira ta maƙaryaciya, ta kuwa san ta cancanta.

"Lafiya dai?" Jira ya tambaya daga inda yake, bai juyo ba. "Na ji kun yi tsit."

"Ina ruwanka da aikin mata?" in ji Kamado. Muryarta ko gezau, amma hawaye na bin kumatunta yana ɗiga kan ƙashin.

Ta matso har kafaɗarta ta taɓa ta Makato, ta mayar mata da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Wannan bai wanku ba. Ƙara masa giya, ki goge shi da kyau. Shi ma uwarsa na can tana bin gaɓa." Ta ja numfashi da ƙyar. "Wataƙila nawa ma ruwa ya kai shi hannun wata."

Makato ta sake wanke shi, giyar na zuba a ƙasa. Suka jera shi, suka ɗora ƙoƙon kai a sama, suka rufe tulun. Jira ya ɗauka ya shige da shi cikin kogo, ya ɗaga murya yana tambaya ina zai ajiye.

"Can dama," in ji tsohuwar. "Ka bar wurin tulu ɗaya kusa da shi."